Hunza ko Skardu: Ina Za Ka Dosa a Tsaunukan Arewacin Pakistan?

Wani yayana ya kira ni kwanakin baya da maganar tafiya. Ɗansa na fari yana gab da kammala karatu a Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Islamabad, shi da maiɗakinsa za su je a watan Oktoba su ga yaron, kuma suna da mako guda da suke so su yi a wajen birni kafin su juyo gida. Ya ce, "Kai da ka taka duwatsun nan nasu, Hunza za mu je ko Skardu? Ko mu haɗa duka biyun kowa ya huta?" Na ce, "Yaya, taura biyu ba ta taunuwa. Ka ba ni kwana biyu in zauna in rubuto maka dalili." Abin da na rubuta masa ne na faɗaɗa a nan, domin na san ba shi kaɗai ba ne yake ganin hotunan wuraren nan a waya ya rasa wanda zai zaɓa.

Wuraren biyu suna cikin yankin Gilgit-Baltistan, can ƙuryar arewacin Pakistan, inda ƙasar ta yi iyaka da Sin da Afganistan da ɓangaren Kashmir da ke hannun Indiya. A nan ne manyan jerin tsaunuka uku suka haɗu, wato Karakoram da Himalaya da Hindu Kush. Kusa da garin Jaglot, inda kogin Gilgit yake zuba cikin kogin Indus, direbobi kan tsaya a bakin titi su nuna wa baƙo su ukun da yatsa. Daga wajajen nan hanya ta rabu biyu. Ɗaya ta miƙe arewa ta ratsa Gilgit ta shiga kwarin Hunza, ɗayar kuma ta karkata gabas tana bin Indus har Skardu, babban garin Baltistan. A taswira sai ka ce maƙwabta ne, amma daga wannan zuwa wancan awa 6 zuwa 7 ne a mota, shi ma in dutse bai zaftaro ya tare hanya ba.

Kafin komai, mutum ya san irin tudun da ake magana. Dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya shi ne Chappal Waddi da ke jihar Taraba, mita 2,419. A Nijar kuwa ƙololuwar Bagzane da ke Abzin ba ta wuce mita 2,000 da ɗoriya ba. To garin Karimabad na Hunza, inda za ka kwana ka tashi ka sayi burodi, yana wajen mita 2,400 ne, Skardu kuma wajen 2,200. Inda namu duwatsun suka ƙare, nan nasu ƙauyukan suka fara. Daga nan sai ka ɗaga kai ka ga wasu mita 5,000 a samanka.

Maganar isa wurin ita ce ta farko da ta raba su, kuma a nan Skardu ce ke gaba. Filin jirginta yana da doguwar hanyar sauka, manyan jirage suna zuwa daga Islamabad cikin kusan awa 1, kuma a ƙarshen 2021 aka ba shi matsayin filin ƙasa da ƙasa. Hunza ba ta da filin jirgin fasinja. Sai ka sauka a Gilgit, ka ƙarasa kilomita wajen 100 a mota. Filin Gilgit gajere ne, duwatsu sun kewaye shi, ƙananan jirage masu farfela ne kaɗai suke sauka, kuma matuƙi sai yana gani da idonsa zai kutsa tsakanin tsaunuka. Hadari kaɗan ya taso sai a soke tashi. Ni kaina kwana 2 a jere ina zuwa filin jirgin Islamabad da asuba ina komawa masauki da jakata, a rana ta uku na haƙura na ɗauki mota. Ta ƙasa tafiyar kwana 2 ce ga mai son jikinsa. A watannin zafinsu ana bi ta Naran a haura mashigin Babusar mai tsayin mita 4,173, hanyar ta fi gajarta kuma ta fi kyan gani, amma dusar ƙanƙara tana rufe ta daga kaka har zuwa wajen Yuni. In ta rufe sai a bi tsohuwar hanya ta Besham da Chilas, wadda ayyukan gina madatsun ruwa a kan Indus suke yawan kawo mata tsaiko.

Sai dai isa daban, zama daban. Da ka shiga Hunza wahala ta ƙare, domin babban titin Karakoram, wanda ya taso daga Hasan Abdal ya ƙare a Kashgar ta ƙasar Sin, kusan kilomita 1,300, ta tsakiyar kwarin ya bi, kuma ɓangarensa daga Gilgit zuwa iyaka shimfiɗaɗɗe ne sumul. An kammala shi a ƙarshen shekarun 1970, ɗaruruwan ma'aikata 'yan Pakistan da 'yan Sin suka rasa rayukansu a aikin, har yau akwai maƙabartar 'yan Sin ɗin a Danyor kusa da Gilgit. Kusan duk abin da baƙo yake son gani a Hunza a bakin wannan titin yake, ko ɗan nesa kaɗan da shi. Ƙaramar mota ma ta isa.

Tun kafin ka kai Karimabad, a wani wuri da ake kira Ghulmet a ɓangaren Nagar, za ka sha kwana sai ga dutsen Rakaposhi a gabanka, mita 7,788, fari fat daga sama har kusan ƙasa. Akwai masu shayi a gindinsa, ruwan ƙanƙara yana gangarowa ta gefen kujerunsu. Ban taɓa ganin abu mai girma haka da ido ba. Na zauna da kofin shayi a hannu har ya huce ban kurɓa ba. Abin da ya sa nake fifita Hunza ga mai zuwa na farko ke nan: dutsen yana nan tsaye a gabanka duk inda ka juya, daga tagar ɗaki, daga kan sallaya, daga bakin shago. Tsoho mai ciwon gwiwa da yaro ɗan shekara 5 duk za su ga abin da matashi mai ƙarfi zai gani.

Karimabad ƙaramin gari ne a jikin gangare, gonaki hawa-hawa kamar matakala, magudanan ruwa da kakanni suka sassaƙa a jikin dutse suna ɗauko ruwa daga ƙanƙarar Ultar suna rarraba shi gona-gona. Ruwan sama kaɗan ne a yankin, duk koren da ka gani aikin hannu ne, irin noman rani amma a kan tsauni. Ruwan da kansa toka-toka ne saboda garin dutse da ƙanƙara ta niƙa, don haka baƙo ya tsaya a ruwan kwalba ko dafaffe. A saman garin fadar Baltit take, wadda ta kai shekara 700, inda sarakunan Hunza masu laƙabin Mir suka zauna har 1945. Firaminista Zulfikar Ali Bhutto ne ya soke masarautar a 1974. Ginin ya kusa rushewa kafin gidauniyar Aga Khan, shugaban 'yan Isma'iliyya, ta gyara shi, aka buɗe shi a 1996. Ana ba da labarin cewa wata gimbiya ce daga Baltistan da aka aurar wa sarkin Hunza ta zo da magina cikin kayan aurenta, shi ya sa ginin ya yi kama da na Tibet. Ƙasa da nan akwai fadar Altit, wadda ta girme ta, a kan bakin wani dutse da ya miƙe tsaye daga kogi. A kusa da ita na ga abin da ban zata ba, mata kafintoci da magina suna aikin katako da injin a hannu, kuma babu mai tsayawa kallonsu sai mu baƙi. Ilimi ya yi nisa a Hunza, maza da mata, tun makarantun da Aga Khan na uku ya sa aka fara buɗewa a 1946. Yara da yawa suna jin Turanci, abin da ke sauƙaƙa wa wanda ba ya jin Urdu. Harshen gida kuwa Burushaski ne, wanda masana suka kasa samo masa ɗan'uwa a cikin harsunan duniya. Labarin da ake yaɗawa a intanet cewa mutanen Hunza suna kai shekara 120 ko 140 ba shi da takardar haihuwa ko ɗaya da ta tabbatar da shi. Akwai tsofaffi masu ƙarfi dai, na ga wata kaka tana hawan gangare da damin ciyawa a baya ni ina haki.

Da asuba a hau Duikar, ƙauyen da ke saman Altit, a jira rana. Takan fara taɓa kan Rakaposhi da Diran da Ultar ɗaya bayan ɗaya alhali kwarin yana cikin duhu. Mota tana kaiwa har can.

Daga Karimabad in ka ci gaba arewa za ka tarar da tafkin Attabad, shuɗi shar, wanda kowa yake ɗaukar hoto a bakinsa. Yana da kyau mutum ya san abin da ke ƙarƙashinsa. Ranar 4 ga Janairu 2010 gefen dutse ya zaftaro ya binne wani sashe na ƙauyen Attabad, mutum 20 suka rasu, kogin Hunza ya toshe. Ruwa ya yi ta taruwa wata da watanni har ya cinye gidaje da gonaki da kilomita da dama na babban titi. Shekara 5 mutanen sama da kayan kasuwancin Sin a kwale-kwale suke ƙetarewa, sai a 2015 aka buɗe sabuwar hanya da aka huda ta cikin dutse. Wanda ya tuƙa mu a kwale-kwale, da muka kai wani wuri sai ya rage gudu ya nuna ruwa da haɓa, ya ce gonar mahaifinsa tana nan ƙasa. Bai ƙara komai ba, mu ma ba mu tambaya ba.

Bayan tafkin an shiga Gojal, Hunza ta sama, inda ake magana da harshen Wakhi. Gulmit da Passu sun fi Karimabad shiru, kuma in da ni ne zan raba kwanana tsakanin nan da can. A Passu ne duwatsun nan masu tsini kamar haƙoran zarto suke, waɗanda ake gani a kowane hoton yankin. Akwai gadar Hussaini, ta igiyar ƙarfe da katakai masu tazara a tsakani, kogi yana gudu a ƙasa. Mutanen ƙauye hanyar gonarsu ce. Baƙo mai jiri ya tsaya a bakinta ya kalla, ba dole. Ƙarshen hanya shi ne mashigin Khunjerab a kan iyakar Sin, kusan mita 4,700. Ana zuwa a dawo rana ɗaya, a hanya akan ga awakin dutse da shanun nan masu dogon gashi da ake kira yak. Amma iskar can sama ba ta ƙosar da huhu. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai ciki su tambayi likita tun daga gida, mai ciwon sikila kuwa kada ya je. Wannan na ƙarshen ina nanata shi saboda mu ne muke da cutar a cikinmu, kuma masu shirya tafiye-tafiye na can ba lalle su tambaye ka ba.

To, Skardu. A nan dole in faɗi gaskiyar da hotuna ba sa faɗa. Garin Skardu kansa kasuwa ne da bariki da tashar mota, akwai ƙura da cunkoso, ba wurin da za ka zauna a baranda ka wuni ba ne. Kuma K2, dutse na biyu a tsayi a duniya, mita 8,611, wanda sunansa ne yake jan mutane zuwa Baltistan, ba a ganinsa daga garin. Mai son ganinsa ido da ido sai ya shiga jif zuwa Askole, ƙauye na ƙarshe, ya taka da ƙafa a kan ƙanƙarar Baltoro har Concordia, tafiyar da zuwa da dawowa take cin kusan mako 2, da izinin gwamnati da jagora mai lasisi da 'yan dako. Mutane da yawa sun sauka a Skardu suna ɗaga kai suna neman K2, suka koma ba su gan shi ba.

Abin da Skardu take da shi fili ne. Kwarin yana da faɗi ƙwarai, Indus yana malala a hankali a tsakiyarsa kafin ya shiga matsatsi, ga tuddan rairayi a Katpana da Sarfaranga. Wanda ya san Agadas ko arewacin Yobe zai tsaya ya yi shiru, domin yashin irin namu ne, amma a bayansa dusar ƙanƙara ce, kuma da hantsi in ka tura hannu cikinsa sanyi za ka ji. A saman garin akwai ganuwar Kharpocho da sarki Ali Sher Khan Anchan ya gina a ƙarshen ƙarni na 16, hawanta da ƙafa ne kuma da tsayi. Akwai tafkunan Kachura guda biyu, na saman ya fi na ƙasan natsuwa, da tafkin Satpara, da dutsen Manthal mai sassaƙen Buddha, shaidar addinin da mutanen yankin suke bi kafin Musulunci. Harshen Balti ɗan'uwan na Tibet ne, har ana yi wa ƙasar laƙabi da Ƙaramar Tibet. Duk waɗannan wuraren a warwatse suke. Kullum sai ka shiga mota, sau da yawa jif, kuma kuɗin jif shi ne yake cinye aljihu a Baltistan.

Shawarata ga wanda ya zaɓi wannan ɓangaren ita ce kada ya yi masauki a cikin Skardu. Ya wuce Shigar, ƙasa da awa 1, ko Khaplu, kilomita wajen 100 gabas a bakin kogin Shyok. A waɗannan garuruwan biyu ne Baltistan ta shiga raina. A Shigar akwai fadar Fong Khar ta ƙarni na 17 da aka gina a kan wani ƙaton dutse, yanzu masauki ce da gidan tarihi, da kuma ɗan masallacin Amburiq na katako wanda ya samo asali tun ƙarni na 14. Khaplu ta fi nisa, ta fi shiru, ta fi kore. Fadarta ta 1840 ma an gyara ta ana kwana a ciki. Sama da ita masallacin Chaqchan yake, wanda ake danganta gininsa da shekarar 1370 da zuwan malamin nan Mir Sayyid Ali Hamadani. An gina shi da jerin katako da dutse da laka, hawa kan hawa, tagoginsa sassaƙe ne kamar saƙa. Na isa can bayan la'asar, wani dattijo yana share tsakar gida. Ya tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ja ni ciki ya nuna mini rufin, yana ta bayani da harshen da ban ji ko kalma ɗaya ba. Katakon ƙofar ya yi santsi ya yi baƙi saboda hannayen da suka taɓa shi. Na tuna tsoffin masallatanmu na ƙasa na Zariya da Agadas, yadda kowace al'umma take gina ɗakin Allah da abin da ƙasarta ta ba ta. Mai son tarihin Musulunci, wannan kaɗai ya ishe shi dalilin zaɓar Baltistan. Daga Khaplu kuma ana shiga kwarin Hushe, inda dutsen Masherbrum mai mita 7,821 yake toshe ƙarshen kwarin.

Sai Deosai, wadda Hunza ba ta da kamarta. Shimfiɗaɗɗen fili ne a tsayin mita 4,100, ba itace ko ɗaya, sai ciyawa da furanni da ƙoramu, ga tafkin Sheosar a gefe guda. A 1993 aka mai da shi gandun daji don kare beyar mai ruwan ƙasa ta Himalaya da ta kusa ƙarewa. Yawancin shekara dusar ƙanƙara ce ta rufe shi, daga wajen ƙarshen Yuni zuwa Satumba ne ake samun shiga cikin sauƙi. Hawan yana da sauri, cikin awa 2 ka tashi daga mita 2,200 zuwa 4,000, shi ya sa ciwon kai yake kama mutane da yawa. Kada ka je a ranarka ta farko ko ta biyu. Kuma a watannin zafi akwai sauro a can, mai yawa, ka tafi da maganin shafawa.

Akwai maganar da Bahaushe zai so ya sani tun daga gida, ita ce ta addini. Duk yankin Musulmi ne, abinci halal ne, ba ka da damuwar yanka. Amma yawancin mutanen Hunza 'yan Isma'iliyya ne mabiya Aga Khan, wurin ibadarsu jamatkhana ake kiransa kuma nasu ne su kaɗai, baƙo ba ya shiga. Nagar da ke tsallaken kogi da yawancin Baltistan 'yan Shi'a ne, Khaplu kuma cibiyar ɗariƙar Nurbakhshiyya ce. A garin Gilgit akwai kowa da kowa, mai son sallar Juma'a a masallacin Sunni nan ne ya fi masa sauƙi, sai ya tsara tafiyarsa ta faɗo haka. Ni ban ga wanda ya ɗaga mini gira don na shimfiɗa sallaya na yi sallata yadda na saba ba, masu masauki ma su suke nuna alƙibla. Abin da nake roƙo shi ne kada mutum ya ɗauki gardamar aƙida ya kai gidan mutane. Baƙo raɓa ne. A kwanakin Ashura ana jerin gwano a Skardu da Gilgit da Nagar, akan rufe hanyoyi da kasuwanni, a duba kalanda. Ga mata, Baltistan ta fi Hunza rufe jiki, kuma shigar matanmu ta hijabi ko mayafi ta dace da ko'ina. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mace a duk wuraren biyu. Wani ƙaramin gargaɗi kuma: in aka yi maka tayin "ruwan Hunza" a kwalba da dare, ka tambaya, domin da wannan sunan ake kiran wata giyar gida.

Abinci ba zai raba maka gardama ba. A Hunza akwai chapshuro, gurasa ce da aka cusa wa niƙaƙƙen nama da albasa aka gasa, da mamtu, ƙullin fulawa mai nama da ake turarawa, da miyar taliyar hannu. A Baltistan akwai kifin ruwan sanyi da shayin gishiri da man shanu, wanda harshenmu sai ya saba. Ko'ina za ka ga khubani, ɗan itacen da Larabawa ke kira mishmish, an shanya shi a kan rufin gidaje kamar yadda muke shanya tumatir da kuɓewa, daga ƙwallonsa kuma ake tatsar mai. Girkinsu ba yaji, ka sa ɗan gwangwanin yajinka a jaka.

Lokacin tafiya kuwa yana iya yanke hukuncin shi kaɗai. Daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu itatuwa suna fure, Hunza takan koma fari da ruwan hoda, amma Deosai da Babusar a rufe suke. Yuli da Agusta komai a buɗe yake, lokacin Baltistan ke nan, sai dai kuma lokacin ne mutanen Lahore da Karachi suke gudo wa zafi su cika masaukai, kuɗi ya hau, ƙanƙara tana narkewa, ambaliya da zaftarewar ƙasa suna yanke hanya. A watan Mayun 2022 ruwan da ya ɓalle daga ƙanƙarar Shisper ya tafi da gadar Hassanabad a tsakiyar Hunza. Daga tsakiyar Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganye yana rikiɗa ya koma rawaya da ja, sama ta washe, jama'a sun ragu. Wannan lokacin na Hunza ne. Hunturu kuwa a bar wa masu shi. Sanyin Jos ko na Gembu bai kama ƙafarsa ba, ruwa yana daskarewa a famfo, wutar lantarki tana yin ƙaranci sosai domin ƙoramun da ke juya injinan sun daskare. Ko a Oktoba ma, kafin ka biya kuɗin ɗaki ka tambaya ko akwai hita da ruwan zafi, kuma da wane lokaci ake kunna janareta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Bizar Pakistan ta intanet ake nema, a fara da wuri. A yi kwafin fasfo da biza da yawa, domin a shingayen hanya ana rubuta sunan duk baƙon ƙasar waje, miƙa kwafi yana rage jira. Layin wayar da ya fi kamawa a yankin shi ne SCOM. A riƙe tsabar kuɗi, na'urar cire kuɗi ba abin dogaro ba ce a ƙauyuka. Mafi muhimmanci, kada ka sa jirgin dawowarka gida washegarin ranar da kake sa ran barin tsauni. Ka bar kwana 2 a tsakani.

In kana da kwana 10 zuwa 12, akwai dabarar da masu yawan zuwa suke yi: su sauka a Skardu da babban jirgi, su yi kwana 4 tsakanin Shigar da Khaplu, su bi sabuwar hanyar Jaglot da aka gyara zuwa Hunza, su fita ta Gilgit ko ta ƙasa. Matashi mai ƙarfi da yake son tanti da tafiyar ƙafa da fili ba kowa, wanda zai je a Yuli ko Agusta, Baltistan ce tasa, Hunza za ta yi masa kamar an riga an share masa komai. Haka mai bin sawun tsoffin masallatai. Wanda kuma bayansa ba ya ɗaukar doguwar mota ko kaɗan, ya sauka a Skardu ya zarce Shigar ya zauna, ya manta da sauran.

Yayana kuwa mako guda gare shi, a Oktoba, da maiɗakinsa da ba ta son gargadar hanya. Deosai ta riga ta fara rufewa a lokacin, don haka rabin dalilin zuwa Skardu ya tafi. Na ce masa Hunza. Su yanki tikitin Gilgit, su kuma yi magana da direba tun da wuri ko da jirgi zai ƙi tashi. Kwana 3 a Karimabad, 1 a Gulmit ko Passu, Khunjerab sai in likita ya yarda kuma jiki ya amsa, sauran kwanakin na hanya ne. Ya ce to, sai me kuma? Na ce, "Yaya, ka nemi ɗakin da tagarsa take kallon Rakaposhi, ko da ya fi tsada kaɗan. Kuma kowane dare ka ce su cika maka fulas biyu da ruwan zafi, ɗaya na shayi, ɗaya na alwalar asuba."